Ƙafafun da Mijin Malama Bai Ɗaura Ba

Duk layin masu gyaran mota Mai Awo suke kiransa, har waɗanda suka girme shi. Shagonsa ne na ƙarshe kafin katangar tsohuwar ma'ajiyar siminti, mai ƙofar ƙarfe da sai an sa kafaɗa take buɗewa. Ba ya taɓa inji, ba ya fenti. Aikinsa ƙafar mota ne, musamman ƙananan motocin gudun nan masu kujera biyu da cikinsu ke kusan shafar kwalta. Masu irin waɗannan motoci ba sa gajiya da canje-canje. Mutum zai ga rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, a jikin motar abokinsa, ya ji duk duniya shi yake so, ya sayo irinsa ya kawo, alhali samfurin tasa motar daban ne. Mai Awo ne zai gaya masa ko zai hau, in kuma zai hau, me za a yi masa kafin ya zauna daidai.

Asali shagon nasu ne su biyu, shi da wansa. Ubansu mai faci ne a bakin titi, a gindinsa suka tashi, amma yayan tun yana saurayi ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana tsoma tiyub a baho ba. Shi ya kama shagon, shi ya jawo masu motocin gudu da bakinsa, don mutum ne mai labari da dariya, kuma gwanin tuƙi. Ƙanen bakinsa da nauyi, sai dai hannu. Yayan kaɗai ke ce masa Auta.

Ƙanen yana ɗan shekara ashirin da huɗu aka kawo masa rim mai rami biyar a ɗaura wa motar da ƙafarta ke da ƙusa biyar. Ya duba da ido, ya ga biyar nan biyar can, ya ɗora. Noti biyu suka ɗan yi gardama, ya danne su da ƙarfi. Bai san tazarar ramukan ta bambanta da milimita biyu da 'yan kai ba. Yayan ya fita gwaji kamar yadda ya saba. Bayan gada kaɗan ƙusoshin suka karye ɗaya bayan ɗaya, ƙafar gaba ta fice, motar ta daki tudun gefen hanya. Ƙugunsa ya karye, kuma har ya bar duniya da ɗingishi yake tafiya.

A asibiti ƙanen ya tsaya bakin gado, ya kasa ɗaga ido. Yayan ya kamo rigarsa ya ce, "Auta, zauna mana, ka tsaya mini a ka kamar likita. Daga yau kai awo, ni tuƙi. Kada ka ƙara yarda da idonka, shi ke nan."

Bai sake tayar da maganar ba har abada. Shi kuwa ƙanen washegari ya sayi ƙarfen awo mai baki biyu da littafi mai bango baƙi. Duk motar da ta shigo sai ya rubuta tazarar ƙusoshinta, faɗin cibiyar ƙafarta, da yawan filin da ke tsakanin taya da bodi. Littafi ya cika, ya sayi wani. Daga nan sunan ya bi shi.

Ya yi aure a makare, kuma auren bai daɗe ba. Matar ba muguwa ba ce, shi ma haka. Bayan shekara shida ta ce ta gaji da zama da mutumin da in an tambaye shi yaya aiki sai ya ce lafiya, a rufe hira har gobe. Suka rabu ba tashin hankali, ta tafi da 'yarsu ɗaya, mai sunan mahaifiyarsa. Yarinyar ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya a wani gari mai nisa. Duk Lahadi da yamma tana kiransa.

"Baba, ka ci abinci?"

"Na ci, Mamana."

"Me ka ci?"

"Abinci."

Sai ta yi dariya, ta ba shi labarin asibiti, shi kuma yana cewa to, to.

Muddin yayan na raye Mai Awo bai san yana cikin kaɗaici ba. Ranar Asabar dogon bencin ƙofar shago cika yake yi da masu motoci, wasu ma ba aiki suka kawo ba, hira ce ta kawo su. Yayan na tsakiya ya miƙe gurguwar ƙafarsa yana zuba labari, shi kuma yana durƙushe gefen taya yana ji, wani lokaci ya yi murmushi shi kaɗai. Shekara huɗu da suka wuce yayan ya yanke jiki ya faɗi da safe yana ƙoƙarin tura ƙofar shagon, kafin azahar ya cika. Aiki bai ragu ba bayan haka, don babu mai yin irinsa a kusa. Zama ne ya ƙare. Mutum zai miƙo makulli ta taga ya ce a kira shi in an gama. Gwaji kuwa sai dai mai motar ya yi da kansa, ya dawo ya ce lafiya lau, ko da Mai Awo ya san bai saurari komai ba.

A ɗakin da ke saman shagon yake kwana: gado, butar lantarki, rediyo, da littattafan awo jere a kan allo ɗaya. Abokin da ya rage masa shi ne mai injin fere ƙarfe da ke shago na huɗu daga nasa, wanda ƙarar inji ta cinye wa kunne har ake ce masa Kurma. Tare suke cin abincin rana, kowa da kwanonsa, ba mai cewa uffan. Kurma ya ce wannan ce abotar da ta fi masa daɗi, tunda ba ya rasa komai.

Wata Talata da hantsi wata koriyar mota ta shigo layin a hankali, tana kauce wa ramuka. Mace ce ta fito daga ciki, za ta yi shekara sittin, da tabarau da jaka a kafaɗa. A bayanta motar haya ta tsaya, direban ya sauke kwalaye huɗu manya.

"Sannu da aiki, Malam. Kai ne Mai Awo?"

"Ni ne, Hajiya."

"Malama ake ce mini, shekara talatin ina shugabar makaranta, kunnena ya saba." Ta nuna motar. "Ta maigidana ce, Allah ya ji ƙansa, wata goma sha ɗaya ke nan. Waɗannan kuma rim ne da ya saya wajen wani abokin aikinsa. Shekara uku suna cikin sito, kullum sai ya ce in ya samu lokaci zai ɗaura. Ƙarshen wata ɗana zai zo ya ɗauki motar. Ina so ta tafi da su a ƙafarta."

Ya yi mata ta'aziyya, ya buɗe kwali ɗaya. Rim ne mai kyau, launin toka, amma na motar wani kamfani ne daban. Ya ɗaga motar da jak, ya cire ƙafar gaba, ya shiga awo. Ta tsaya a kansa, ganin haka ya goge mata bencin da tsumma.

Tazarar ramukan ta zo daidai, wannan ya yi sa'a. Sauran kuwa duk da magana. Ramin tsakiyar rim ɗin ya fi cibiyar motar faɗi, ga shi kuma yana shigewa ciki har hannuwansa na taɓa kan birki. Na baya sun fi na jikinta faɗi da yatsa guda. Ko notin ma ba irinsu ɗaya ba ne, nata mai tsini ne, rim ɗin kuwa mai zagayayyen kai yake so.

"Gaskiya, Malama, mafi sauƙi a bar na jikinta. Ba abin da suka yi."

"Ban tambaye ka mafi sauƙi ba, Malam. Zai yiwu ko ba zai yiwu ba?"

Ya ajiye ƙarfen awo. "Zai yiwu. Sai an fere zobe da zai cike tsakiyar, a yi faifan ƙarfe da zai turo na gaba waje kaɗan, a kuma canja noti. Zai ɗau kwanaki."

"Kwanaki kam ina da su."

Ya zaci ba zai sake ganinta ba sai ranar karɓa. Washegari bayan la'asar sai ga ta a motar haya, ta ce ta zo ganin inda aka kwana. Jibi ma ta zo. Ta zauna kan benci da jakarta a cinya, tana yi masa tambaya irin ta malaman makaranta, wadda ba a amsa ta da eh ko a'a.

"In noti biyar sun riƙe shi, mene ne amfanin zoben?"

"Noti matsewa yake yi. Cibiya ce ke sa shi ya zauna a tsakiya. In da ɗan fili, ko kaurin takarda ne, a cikin gari ba za ki ji komai ba, sai kin hau babbar hanya sitiyari ya fara rawa a hannunki."

"To wannan lakar fa da ka liƙa?"

Lakar wasan yara ce yake mannawa a kan birki, ya ɗora rim ya juya shi sau ɗaya, ya cire ya auna kaurin da ya rage. Da haka yake sanin filin da ke wurin da ido ba ya kaiwa. Ya nuna mata, ta ce dabara ce, da ta sani da ta koya wa 'yan aji shida awo da ita. Ta karɓi littafinsa tana rubuta masa lambobin in hannunsa ya yi baƙi, ta ce bakwai ɗinsa da ɗaya ba su da bambanci, da ɗalibinta ne da ya sha jan biro. A mako guda ya yi maganar da bai yi ba cikin shekara huɗu, har maƙogwaronsa na bushewa.

Kofi ɗaya gare shi a shagon. Ranar Juma'a ya sayo na biyu, ya wanke, ya kife a kan akwatin kayan aiki. Da yamma Kurma ya kawo zobba huɗun da ya fere, ya ga kofin, ya ga Malama a kan benci. Shi a ganinsa raɗa yake yi, amma har shagon mai fenti an ji shi.

"Shekara ashirin ina zuwa nan da gwangwani nake shan shayi. Yau an sayi kofi."

Mai Awo ya sunkuyar da kai cikin taya kamar ya yar da wani abu. Malama ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce a zuba wa Kurma a sabon, ita ta sha a tsohon.

Zobba suka shiga cif. Faifan gaba ma ya yi, rim ya bar kan birki da milimita huɗu. Amma da ya zo ɗaure noti sai ya ƙirga juyi huɗu kacal ya ji ya tsaya. Faifan ya cinye tsawon ƙusoshin. Shi kuwa ba ya sakin mota in noti bai ci juyi takwas ba. Dole a sa dogayen ƙusoshi, kuma mai kayan gyara ya ce sai an aiko, kwana shida.

Da ya ajiye waya sai ya ji wani sanyi a ransa, nan take kuma kunya ta kama shi. Ya koma ya kwance notin ya sake ƙirgawa. Ya gwada a ɗaya ƙafar. Ya ɗauko ƙarfen awo ya auna ƙusar sau uku, don ya tabbatar ƙarfe ne ya nemi kwana shidan nan, ba shi ba. Huɗu ne dai, ko ta ina ya ɓullo.

Da ya gaya mata ta ce, "Wani da ya ɗaure ya ba ni, ai ba zan sani ba."

"Ni zan sani."

Ya tsaya yana goge sifana da ba ta da datti. Sannan ya ba ta labarin rim mai rami biyar, da gada, da ƙugun yayansa. Ko 'yarsa bai taɓa gaya wa ba. Malama ba ta ce ƙaddara ce ba, ba ta ce ya daina tunawa ba. Ta tambaye shi wane irin mutum ne yayan, ya yi ta faɗa har aka fara rufe shaguna.

A cikin kwanakin jiran ne ita ma ta faɗa masa abin da ke kawo ta kullum. Ba motar kaɗai ɗan zai ɗauka ba, har da ita. An sa gidan a kasuwa, an tattara kaya cikin kwalaye, labule ma an cire.

"Da yamma ba na iya zama a ciki, Malam. In na yi tari sai bango ya amsa mini. Yaran sun ce ba za su bar ni ni kaɗai ba, sun gyara mini ɗaki kusa da na jikoki. Ba zan ce ba su kyauta ba."

"Sun kyauta," in ji shi. Ya juya ya shiga jera noti a faranti.

Ƙusoshi suka iso ranar da aka ce. Ya sa su, noti ya ci juyi tara. Ya ɗaure kowanne da sifanar nan mai yin ƙas in an kai ƙarfin da ake so, yana tsallake ɗaya ya ɗaure na gaba, har ya zagaye. Ya sauke motar ƙasa. Ta yi kyau, ba ƙarya, ƙafafun sun cika bakin bodi kamar da su aka ƙera ta.

"Saura gwaji. Ki hau babbar hanya, ki saurara, ki dawo ki gaya mini."

"In saurari me? Ni na san kukan taya? Shigo mu tafi."

Tun rasuwar yayansa bai zauna cikin irin motar nan tana tafiya ba. Ya shimfiɗa jarida a kan kujera saboda kayan aikinsa, ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya shiga. Ashe Malama ba ta da tsoron hanya. Suna fita gari ta taka, allurar gudu ta wuce ɗari. Ya ɗora tafin hannu a kan allon gaban motar, ya kasa kunne, ya dubi hannunta a kan sitiyari. Ba rawa ko kaɗan. Amma a hanyar dawowa, da suka hau tudun rage gudu tana karya kwana, ya ji wani ɗan shafa daga baya ta hagu, gajere kamar an ja tsintsiya sau ɗaya.

"Kin ji?"

"Ban ji komai ba."

A shago ya shafa alli a gefen tayar, suka sake bin tudun, ya leƙa ya ga farin layi a leɓen bodi ta ciki. Ya ɗumama wurin don kada fenti ya tsage, ya lanƙwasa leɓen a hankali. Aikin awa guda ne. Da suka fita karo na uku babu sauran ƙara.

Ta tsaya a gefen hanya inda ake hango rufin gidajen gari, ta kashe mota. Ta daɗe hannunta na kan sitiyari.

"Ka san bai taɓa wuce sittin da ita ba? Ya sayi motar gudu yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Ni ce nake sace ta in ya yi tafiya." Ta yi dariya, sannan ta zaro hankici ta goge ƙasan tabarau. "Da ya ga wannan da ya zagaya ta sau goma."

Mai Awo yana da magana a bakinsa. Tun daren jiya yake juya ta, ya ma samo yadda zai fara. Ya dubi hannunsa mai baƙin mai a kan gwiwa, ya dubi jaridar da yake zaune a kai. Ya tuna an riga an gyara ɗaki kusa da na jikoki.

"Malama," ya ce.

"Na'am, Malam."

"In an yi kilomita ɗari a sake bin notin da sifana. Sabon zama yakan saki kaɗan."

Ta dube shi. "To. Zan gaya masa." Ta tayar da mota.

Ɗan ya zo ranar Asabar, dogo mai ladabi, ya gaishe shi da hannu biyu yana ce masa Baba. Ya zagaya motar yana jinjina kai. Malama ta leƙa shagon Kurma ta yi masa sallama da ƙarfi yadda zai ji, ta dawo ta ce wa Mai Awo Allah ya saka da alheri, ya kuma riƙa ja wa bakwai ɗinsa layi a ciki. Ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ɗan ne ya ja motar, ita tana gefe. Ya tsaya a ƙofar shago yana kallon ƙafar baya ta hagu har suka karya kwana, don can ne idonsa ya iya tsayawa.

Ranar Litinin da rana waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ɗan ne.

"Baba, mun iso lafiya. Mun tsaya a hanya an bi notin kamar yadda ka ce, biyu ne suka ɗan motsa. Motar kamar a kan ruwa take tafiya. Mama tana gaishe ka."

"Ina amsawa. Tana lafiya?"

"Lafiya lau, ga ta can jikoki sun rufe ta."

Ta cikin wayar ya jiyo muryarta daga nesa tana ce wa wani yaro ya sauko daga kan tebur. Ya gyara riƙon wayar, ya goge ɗaya hannun a jikin wando, yana jira ko za a miƙa mata. Ɗan ya sake yin godiya, ya ce sai an kwana biyu, ya kashe.

Akwai wata jar mota a kan jak tun safe, mai ita ya ce ƙarfe huɗu zai dawo, kuma ba a ko fara awon bayanta ba. Mai Awo ya sa wayar a aljihu, ya jawo ɗan kujerarsa ta katako kusa da ƙafar, ya zauna.